Ƙarshen da Na Ƙara wa Littafin Fuseina

Kwanakin baya wasu 'yan mata biyu suka tsaya a bakin teburina a Maamobi, ɗaya riƙe da waya, suka ce in koya musu karatun littafi, wai za su riƙa ɗaukar murya suna tura wa mutane. Ƙaramar ta ce, "Anti Rakiya, ai ba wuya, ko? A duba takarda, a faɗi abin da ke ciki." Na ce mata haka ne, faɗin abin da ke ciki shi ne sana'ar gaba ɗaya, kuma a daidai nan na taɓa faɗuwa a gaban mata sama da talatin. Ban ba su labarin a tsaye ba, don akwai mai jiran littafi. Ga shi na rubuta, su da ire-irensu su karanta.

Sana'ata ba da hayar littattafan Hausa ce, da karanta su ga matan da ba su iya ba. A zangon Accra kowa yana jin Hausa. Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Wangara, da ita ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake zawarci. Amma waɗanda suka iya karanta ta a boko kaɗan ne, don makaranta da Turanci ake yi. Saboda haka mata sukan haɗu a tsakar gida ɗaya bayan la'asar, su kira mai karatu. Abin da na faɗa shi ne littafin a wurinsu. Ba su da wata hanyar sanin ko haka aka rubuta.

A hannun Gwaggo Salamatu na koya, ƙanwar mahaifina, wadda ta girma a Kano kafin aure ya kawo ta Nima. Ita ta fara sa fataken atamfa da turare su riƙa cusa mata littattafai a gefen kaya. Shekara biyu ban karanta wa kowa ba sai ita. Tana girki, ina zaune a kan turmi ina karatu, in na haɗiye kalma ko na tsallake layi sai ta buga ludayi a kan murfin tukunya, ko juyowa ba ta yi. Wata rana na zo wurin da saurayin littafi ya yaudari yarinya, na bi wurin da sauri ina ɓata fuska. Ludayi ya sauka.

"Wa ya tambaye ki ra'ayinki?" in ji ta. "Ido aka ara a wurinki, ba a ari zuciya ba. Maimaita."

Na maimaita har sau huɗu, sai da muryata a bakin mayaudarin ta yi zaƙi kamar a bakin masoyin kirki.

Littafi in ya zo sabo ba a ba da shi haya a ranar. Ƙusar wayar da maɗaba'a take sa masa ba ta kai wata biyu a iskar tekun nan, tsatsa take yi ta ci takarda. Sai a cire ta, a huda wuri biyar da basilla, a ɗinke da zare mai kauri. A yanko takardar buhun siminti, a goge ƙurar, a manna ta da sitacin rogo a matsayin bango, a ɗora dutsen guga a kai ya kwana. Littafin da aka yi wa haka yakan bi hannu ɗari. Sauran kayan aikin ba su da yawa: tabarau, kujera 'yar tsugunno, tsinken tsintsiya na alamar shafi, da ruwan ɗumi mai citta da zuma a cikin fulas. Ruwan sanyi kuwa, ko ana zafin da kwalta take narkewa, ba ya shiga bakin mai karatu.

Gidan da na fi daɗewa ina karatu shi ne na Magajiya Adiza, shugabar matan layinmu, wadda ba a ɗaura aure ko a yanka ragon suna ba tare da an sanar da ita ba. Tun Gwaggo tana da rai nake zuwa gidan, Talata da Asabar. Matan nan ba sa sauraro shiru. Suna tsince shinkafa suna zagin mutanen littafi, wata ta tashi ta nuna yadda za ta shaƙe mugun da a ce a Nima yake. Dole mai karatu ta san inda za ta dakata a gama zagin, da inda za ta ɗaga murya ta wuce. Ta san kuma inda za ta sa tsinke ta rufe littafi, daidai lokacin da ƙofa ta buɗe ba a ga mai shigowa ba. In kika rufe a wurin da hankali ya kwanta, ranar Asabar rabin benci ba kowa.

Shekarar da ruwa ya cika babbar gota, magudanar ruwan unguwa, ya shiga gidaje ita ce muguwar shekarata. Gwaggo ta riga ta rasu, littattafanta da nawa suna cikin kwali uku a ƙarƙashin tebur. Na dawo daga kasuwa na tarar da ruwa har gwiwa. Kwana tara ina shanya littattafai a kan rufin kwano, ina raba shafi da shafi da bakin reza. Waɗanda suka tsira, yawancinsu bayansu ne ya tafi, don a kan baya nake jera su, nan ne ya sha ruwa ya zama kamar tuwo. Na wayi gari da littattafai kusan saba'in masu farko da tsakiya, babu ƙarshe. Fatake kuma sun daina kawo sababbi, kowa ya koma karatu a waya.

Ranar Talatar farko bayan ruwan, ina tsakiyar wani littafi a gidan Magajiya, na juya shafi na ga bangon siminti. Mata suna kallona, hannuwa sun tsaya a cikin tire. Abin da ya kamata in ce shi ne, nan takarda ta ƙare. Sai na gyara tabarau, na dubi bangon, na ci gaba da magana. Na dawo da saurayin daga tafiya, na sa ya durƙusa, na yi biki na kwana bakwai, har kalar ankon ƙawaye na faɗa. Mma Hawa mai shinkafa da wake ta yi guɗa. Magajiya ta share ido da bakin mayafi ta ce wannan marubuciya ta san Allah.

Daga nan hannuna ya saba. Da farko waɗanda ruwa ya ci kawai nake cikawa. Daga baya, in na karanta littafi a gida na ga an raba masoya a ƙarshe, sai in haɗa su a bakina, ko da shafin yana nan lafiya. Ni tun ina yarinya a kan littattafan soyayya na tashi, ban taɓa yarda cewa mutum biyu su sha wahalar shafi ɗari biyu a sallame su hannu rabbana ba. Matan suna tashi da fara'a, ana kirana gidaje har Kanda. Shekara tara ina haka, ba wanda ya kama ni, don ba wanda yake riƙe da littafin sai ni.

Littafin Fuseina ya zo hannuna ne a cikin leda baƙa, ita da kanta ta kawo. Yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, tana koyon ɗinki a Kanda. Ta ce ta rubuta labari a waya, babi babi take turawa a guruf ɗin 'yan mata, yanzu wani mai maɗaba'a a Kokomlemle ya buga mata kaɗan. Tana so iyaye su ji. Ta ajiye ledar ta ja da baya kamar wadda ta kawo ƙwai.

Tsohuwar tatsuniya ta ɗauko, wadda kowace kaka take da irin tata: yarinyar da ruwa ya ɗauke mata saurayi, ta bi shi ƙarƙashin kogi, ta yi wa sarauniyar ruwa bauta har aka ba ta shi, suka fito aka yi biki. Fuseina ta kawo ta Nima. Yarinyar ta zama Sahada mai sayar da koko. Kogin ya zama gotarmu. A ƙarƙashinta akwai birni da aka gina da duk abin da ruwa ya taɓa ɗauka, silifa guda-guda, robobin wanka, wayoyi, katifu. Aljanu suna hawan manyan kunkuru kamar tirotiro, motar hayar Accra, kwandasta yana rataye a gefen ƙoƙon baya yana kiran tasha. Sarauniyar gashinta komar masunta ne, in ta yi fushi famfunan Accra duka su ɗauke. Ban taɓa riƙe littafi irinsa ba.

Mako shida na yi ina karanta shi a gidan Magajiya, kuma ban taɓa ganin littafin da ya raba kan benci haka ba. Ranar farko ma da ƙyar na gama babi ɗaya.

"Ei, wannan yarinya ya ɓata labari," in ji Mma Hawa da Hausarta ta zango. "Ba gota ba ne, rijiya ne. Kakana rijiya ya ce."

"Rijiyar wa? Kogi ne, kuma kada ne ya ɗauke yaron," in ji wata Bazabarma mai sayar da turaren wuta. "Ku mutanen tudu ina kuka ga ruwa balle ku san labarinsa?"

"Ke da kika san ruwa, me ya sa kullum ke ce ƙarshe a layin famfo?"

Aka yi dariya, Magajiya ta buga sandarta a ƙasa na ci gaba. Wasu suna cewa rashin kunya ne yarinya ta taɓa abin da kakanni suka bari. Wasu suna cewa su dai kunkurun nan ya biya su. Wata tsohuwa ta ce a tambayi Fuseina ko ta ga tukunyarta a can ƙasa, mai hannu ɗaya. 'Yan mata kuma a waya nasu ra'ayin daban: wai tsakiyar littafin ta yi tsawo, wai saurayin ragon namiji ne, Sahada ta fi ƙarfinsa. Wannan ina jin sa ne a bakin Memuna, jikar Magajiya, wadda take bin labarin a guruf, ba ta zama da mu don tana makaranta.

Babin ƙarshe na karanta shi ni kaɗai da safe kafin in fita, kamar yadda na saba. Sahada ta gama bautarta, sarauniya ta ce ta zaɓi mutum ɗaya ta fita da shi. Ta sami saurayin ya ci abincin ƙasa, ya yi ƙiba, yana buga dara da aljanu, sunanta ma sai da ya yi tunani. A kusa da ƙofar birnin kuma akwai wata 'yar kaya, cikin 'yan matan nan da suke zuwa daga arewa suna dako a kasuwa, ruwa ya ɗauke ta da tasarta tun shekaru, ba wanda ya taɓa zuwa nemanta. Kullum tana zaune tana kallon hanya. Sahada ta kama hannunta suka fito. Babu biki. Littafin ya ƙare su biyu suna shan koko a bakin gota da safe.

Na rufe littafin na ce wannan ba ƙarshe ba ne, yarinya ce ba ta san zafin jira ba. Da la'asar na je gidan Magajiya, na buɗe babin, na sa saurayin ya ga Sahada ya tuna komai, dara ta zube daga hannunsa. Na fito da su ta bakin teku da hantsi, na sa sarauniya ta aiko da lefe a bayan kunkuru goma sha biyu, kowane da akwati. Na sa duk silifan da ruwa ya taɓa ɗauka sun dawo wa masu su ranar bikin. Ban taɓa yin ƙarshe mai kyau kamarsa ba. Har waɗanda suke zagin littafin suka ce yarinyar ta dawo hanya.

Kwana goma bayan haka aka yi suna a Nima. Ban je ba, Mma Hawa ce ta zo teburina da gudu bayan kwana biyu, ko tire ba ta ajiye ba. Ta ce Magajiya tana cikin manyan mata tana yabon littafin, tana ba da labarin lefen kunkuru, sai Memuna ta ce, "Hajiya kaka, wane lefe? Ai ba a yi aure ba." Magajiya ta ce ta yi shiru. Memuna ta ce wallahi sau biyu ta karanta. Magajiya ta ce mata maƙaryaciya a gaban mutane, ta ce 'ya'yan waya ba su da ta ido, ta kore ta daga wurin. Yarinyar ta tafi tana kuka, ta kwana biyu ba ta ci abincin gidan ba.

"Yanzu Magajiya ya ce Asabar kowa ya zo," in ji Mma Hawa. "Ya aika a kira yarinya mai littafi. Ke ki karanta babi na ƙarshe, shi yana zaune, Memuna yana zaune. A ga wanda ya yi ƙarya." Ta dube ni. "Anti Rakiya, lafiya? Kin yi fari."

Na ce mata rana ce.

Ranar Alhamis Fuseina ta zo da kanta, da tef ɗin awo a wuya. Ta gaishe ni har ƙasa, ta zauna a bakin benci.

"Anti, na ji iyaye sun ji daɗin bikin da na rubuta."

Na ce eh.

"Wane bikin?"

Na duba hagu da dama, na matso kusa da ita. Na gaya mata tsofaffin nan sun sha wahalar duniya, ba sa bukatar a ƙara musu ta littafi. Na ce abu mai sauƙi ne, ranar Asabar ta ce ƙarshe biyu ta rubuta, ɗaya na waya ɗaya na takarda. Memuna ta fita, ni ma na fita, ita ma littafinta ya ci gaba da shan yabo.

Ta daɗe tana naɗe tef a yatsa tana warwarewa.

"Anti, wata takwas ina rubuta shi, a bayan keken ɗinki, madam tana zagina. Wannan 'yar kayan da kika cire, saboda ita na fara. Ba zan ce na rubuta abin da ban rubuta ba." Ta miƙe. "Amma ke uwa ce. Ba zan ƙaryata ki a gaban mutane ba. Zan zo in zauna kawai."

Ku da kuke ganin aikin nan ba wuya, ku duba inda ta bar ni. Na san gaskiya ta faɗa, ba za ta buɗe baki ba. Yarinyar zango ba ta tashi a gaban Magajiya ta ce wa sa'ar uwarta ta yi ƙarya. Lefen kunkuru yana kaina kalma da kalma. In na sake karanta shi, Fuseina za ta sunkuyar da kai, a ɗauka kunya ce, Memuna ta zama maƙaryaciya a layinmu har ta yi aure, ni kuma in ci gaba da zuwa gidaje Talata da Asabar. In na karanta abin da ke takarda, shekara talatin da na yi ana aron idona sun ƙare a yammaci ɗaya.

Asabar tsakar gidan Magajiya ta cika har bakin zaure. Matan da ban taɓa gani a karatu ba sun zo, don labarin faɗan suna ya zaga. Ba tire, ba shinkafa, kowa hannunsa a cinya. Magajiya tana kan kujerarta da sanda. Memuna a tsaye jikin bango, idonta a kumbure. Fuseina an ba ta 'yar kujera a gefena, ta haɗa gwiwa tana kallon ƙasa.

"Rakiya," in ji Magajiya, "tun kina goyon Salamatu nake jin muryarki. Karanta wa wannan mara kunyar ta ji."

Na zuba ruwan citta na sha. Na sa tabarau. Na buɗe inda tsinke yake. Shafi biyu na farko ɗaya suke da abin da na karanta musu a baya, na bi su a hankali, a hankali fiye da yadda ya kamata. Sarauniya ta ce Sahada ta zaɓi mutum ɗaya. Sahada ta shiga fadar aljanu. Ga saurayin yana buga dara. Layin gaba yana ƙarƙashin yatsana. Daga nan ne hanya ta rabu. Na ɗago na ga Memuna ba ni take kallo ba, kakarta take kallo.

Na karanta, "Ya ɗago kai ya dube ta, ya ce, yarinya, wa kike nema?"

Wata ta ce, "A'a."

Ban tsaya ba. Na karanta ƙibarsa, na karanta yadda ya koma kan dararsa. Na karanta 'yar kaya a bakin ƙofa da tasarta, da yadda Sahada ta tambaye ta wa take jira, ta ce ba kowa, ta dai saba kallon hanya ne. Na ba ta muryar da ta dace da ita, ban yi sauri ba. Na kai su bakin gota, na ba su kokonsu, na rufe littafi. Kukan fankar ɗakin Magajiya har tsakar gida ana ji.

"Ina lefen?" in ji Mma Hawa.

Na ce babu lefe. Na ce ni na ƙara shi, ba Fuseina ba. Memuna gaskiya ta faɗa.

Gidan ya kece. Bazabarmar nan ta ce ita dama ta ji kunkuru goma sha biyun sun yi yawa. Wata ta ce a bar mata na Anti Rakiya, shi ya fi, wannan ƙarshen kamar miya ba gishiri. Wata matashiya mai goyo ta ce ƙarya ne, namijin da ya manta sunanka a bar shi da aljanunsa, Sahada ta burge ta. Aka ce ta yi shiru, mijinta yana nan kusa a Abossey Okai yana dawowa kullum, ba ta san komai ba. Wata da ta yi dako a Accra tana yarinya ta ja mayafi ta rufe fuska. Mata uku suka ɗauki takalmansu suka fita, ɗaya ta tofar da yawu a kusa da kujerata.

Magajiya ta buga sanda sau biyu. Ta juya wajen Fuseina.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ban so shi ba. Yarinya ta yi bauta shekara bakwai ta fito da ƙawa? A namu labarin da miji ake fitowa. Kin zalunci Sahada."

"To, Hajiya," in ji Fuseina. Ta ɗago kai, karo na farko tun zuwanta.

"Amma naki ne, kin ji. In za a zage shi, naki za a zaga." Ta miƙa hannu wajen bango. "Memuna, zo nan." Yarinyar ta zo, Magajiya ta kama hannunta ta zaunar da ita a kan tabarmar ƙafarta, ta ce a kawo mata abinci yanzu. Ba ta ce ta yi haƙuri ba, manya ba sa faɗa, amma duk wanda ke wurin ya gani.

Sannan ta dube ni. "Wannan kaɗai ne?"

Na ce a'a.

"Nawa?"

Na ce tun shekarar ruwa. Na ce wasu shafin ne ya lalace, wasu kuma yana nan.

Ta juya sandar a hannu. Ta ce kowa ya tafi gida, Rakiya ta tsaya. Sai da tsakar gida ta rage daga ni sai ita sai Memuna tana cin tuwo, sannan ta yi magana, a hankali yadda ban taɓa jin ta ba.

"Akwai wani da kika karanta mana shekarar da Alhaji maigidana ya rasu. Matar da mijinta ya shiga jirgin ruwa neman kuɗi, aka ce ya nutse, ta ƙi cire zobensa. Kika ce ya dawo da azumi, ya tsaya a ƙofa tana yanka albasa." Ta gyara zama. "Nakan tuna shi. Ya dawo?"

Littafin yana gida a cikin kwali, shafinsa na ƙarshe lafiya lau. Na san abin da ke ciki. Ba mai riƙe da shi sai ni, ba ya cikin wayar kowa, marubuciyarsa tana can wata ƙasa in ma tana raye.

Na ce, "Bai dawo ba, Hajiya."

Ta gyaɗa kai sau biyu. Ta dubi ƙofar zaure na ɗan lokaci.

"Matar fa?"

"Ta rayu. Ta aurar da 'ya'yanta. Da zoben aka binne ta."

"To," in ji ta. "Kawo shi ranar Talata. Daga farko za ki fara. Memuna za ta zauna kusa da ke tana bin layi da yatsa."

Gidajen Kanda ba su sake kirana ba, matan nan uku ma har yau in mun haɗu a kasuwa sai su duba wani gefe. A gidan Magajiya kuwa ina nan, Talata da Asabar, da mai tsarona a gefe. Muna bin tsofaffin littattafan ɗaya bayan ɗaya. Mun gama goma sha tara. Na ranar Asabar da ta wuce ruwa ya ci bayansa, na kai inda takarda ta ƙare na ce musu nan ta ƙare. Mma Hawa ta ce in ɗan ƙarasa musu da ka, ba wanda zai gaya wa kowa. Magajiya ta ce in na kuskura sai ta karya mini tabarau. Suka zauna har aka kira magariba suna faɗa a kan yadda ya kamata ya ƙare, ni ina ɗaure littafin da zare.